Albasa a Haɓar Mayafi

Shekara ashirin da takwas Saude ta yi tana kuka a akwatin talabijin, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa kama ta da man zafi a ƙasan ido ko albasa a tafin hannu ba. Abin alfaharinta ke nan. Sauran 'yan wasa, in darakta ya ce lokacin kuka ya yi, sai su juya baya su shafa abin da za su shafa. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai kamar mai neman allura a ƙasa, ta ɗago, ruwa ya ɓalle. Da haka ta fito a matar mamaci, ta fito a uwar ɗan da ya shiga duniya, ta fito a tsohuwar da aka ƙwace wa gona, har mutane suka manta sunan mahaifinta suka koma ce mata Saude Mai Hawaye.

Yanzu shekara shida ke nan rabon da a kira ta aiki. Ba wanda ya kore ta, waya ce kawai ta daina ƙara. Da zaman birni ya gagara, sai ta tattara komatsanta ta dawo ƙauyensu, can tsakanin Kura da Bunkure, inda wanta Uba ya ware mata ɗaki biyu a ƙarshen gidan gado, da 'yar ƙofa tata ta kanta mai kallon kanal. Mutanen gari suna girmama ta irin girmamawar da ake yi wa baƙo. Mata su gaishe ta har ƙasa a gidan suna, amma ba mai matsowa kusa ta raɗa mata gulmar kowa. In ta je gaisuwar mutuwa kuwa, takan lura ana satar kallon idanunta, a ga ko za ta yi irin na talabijin. Saboda haka ba ta daɗewa a ko'ina.

Yara ne kaɗai suka rage mata. Ranar Alhamis da Juma'a da la'asar, lokacin da allo ke hutawa, takan tara su goma sha ɗaya a rumfar da Uba ke jibge kwandunan tumatir. Tana koya musu yadda ake tsayawa ba a ba kyamara ƙeya ba, da yadda ake sauraron abokin magana maimakon zaman jiran a zo kan taka, da yadda ake dariya ba tare da an waiga a ga wa ke kallo ba. Kyamararta wata tsohuwar waya ce da ta ɗaure da igiya a kan ƙotar fartanya. Sau biyu gidan talabijin ya aiko aka ɗauki yaranta a tallan wanke hannu da sabulu, abin da ya sa iyaye suka ci gaba da sakar mata su. Yaran suna ce mata Gwaggo. In sun watse, takan daɗe a rumfar tana gyara kwandunan da ba su karkace ba.

Wata Alhamis, ana tsakiyar tsinkar tumatir, manyan motoci sun jeru a bakin titi suna jiran lodi, sai ga wata ƙaramar mota ta biyo gaɓar kanal ta tsaya a bakin rumfar. Mudassiru ne ya fito. Shekara ashirin da suka wuce shi ne yaron da ke fitowa a ɗanta, mai majina da kwaɗayin alewa. Yanzu ya zama darakta, ya tara gemu da tumbi. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Mama, kin ɓuya."

"Wanda ya ɓuya ai neman sa ake yi. Ni ajiye ni aka yi."

"To ga shi an zo ɗauka."

"Tashi kada ka fasa wandon. Wannan tumbin duk shinkafar lokeshan ce?"

Ya yi dariya, ya kife wani kwando ya zauna, ya kawo abin da ke tafe da shi. Shiri ne mai dogon zango, kashi hamsin da biyu, a kan manoman rani, kuma a nan Kadawa za a ɗauka. Ginshiƙin labarin wata kaka ce da jikarta marainiya. Masu ɗaukar nauyin shirin sun ce tare za a zaɓe su, kaka da jika, domin sai jininsu ya haɗu kafin mai kallo ya yarda. Akwai wata 'yar wasa a birni da ta riga ta kawo tata yarinyar.

"Yarinyar ta iya magana kamar rediyo," in ji shi, "amma kukanta na roba ne. Mama, ki samo mini wadda za ta yi kuka irin naki, kakar taki ce. Nan da mako uku zan dawo da kyamara da mutanen, a gwada a gabansu."

Da ya tafi, Saude ta shiga ɗaki ta jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ta fito da tsofaffin zannuwan da take fitowa da su a wasa, ta shanya su a igiya don warin ajiya ya fita. Kashi hamsin da biyu. Shekara guda cur ke nan mota za ta riƙa tsayawa a ƙofarta, a riƙa ce mata Mama ga shayinki, Mama matso nan haske ya fi, ta ci abinci a cikin mutane ana surutu a kanta. Sai a lokacin ta gane ashe ba wasan ne ta fi kewa ba.

Ba ta sha wahalar zaɓe ba. Nafisat ce, 'yar shekara tara, 'yar Malam Sada mai makarantar Islamiyya a unguwar gabas, wanda kuma ke noman albasa da shinkafa a gonar da ya gada. Yarinya ce marar yawan magana, mai idanu kamar tana sauraro da su. Mahaifiyarta Fatsuma, wadda sana'arta turara shinkafa, ta rasu bara da kaka bayan jinyar kwana huɗu. Malam ya yarda da zuwan 'yarsa rumfar tun farko bisa sharaɗi biyu, babu rawa, babu cire mayafi. Da Saude ta je masa da wannan sabuwar magana, sai ya ce amana ce ya ba ta.

Washegari ta sallami sauran yaran da wuri, ta zaunar da Nafisat a gabanta, ta kunna wayar da ke kan ƙota.

"Nafisat, in kin tuna Ummanki, me kike fara gani? Fuskarta?"

Yarinya ta kalli ƙasa. "A'a, Gwaggo. Hannunta."

"Yaya hannun yake?"

"In ta buɗe duron shinkafa tururi ya taso, sai ta ɗebo 'yar kaɗan ta murza, ta hure ɓuntun, ta sa mini a baki, ta ce in faɗa mata ko ta yi. Hannun da zafi."

"In kika ce ta yi fa?"

"Sai ta ce, Hajiya ta yi magana, a sauke."

Muryar ta karye a kan kalmar ƙarshe. Kukan da ya biyo baya ba shi da ƙara. Kafaɗu ne kawai ke rawa, hawaye na bin haɓa yana ɗiga a kan gwiwa. Saude ta zauna tana kallo, zuciyarta fes, irin daɗin da mai haƙar rijiya ke ji in laka ta fara jiƙa masa ƙafa. Ta bari sai da ya lafa, ta share mata fuska da nata mayafin.

"Ki riƙe wannan," ta ce. "Duk sanda na ce fara, ki koma bakin duron nan."

A ranar ta tura wa Mudassiru hoton. Amsarsa ba ta wuce kalma uku ba: an gama magana.

Daga nan bita ta koma ta kullum. A kwanakin farko sai an ɗau lokaci ana lallaɓawa, kuma in kukan ya zo ba ya tsayawa inda takardar wasa ta ce ya tsaya. Kafin mako ya zagayo ya fara jin magana. A mako na biyu, numfashi uku ya ishe ta. Yarinyar ta fara jin kanta, har sauran yaran na roƙon ta yi musu su gani. Wata rana Saude ta ce fara, sai Nafisat ta gyara tsayuwa ta ce, "Gwaggo, ido ɗaya kike so ko duka biyun?" Saude ta yi dariya, ta ce lallai an yi gado ba a haifa ba.

Ranar Juma'ar da ta rage kwana takwas a yi gwaji, bayan an sauko daga masallaci, Malam Sada ya yi sallama a ƙofarta, da ɗan kwandon albasa a kan kekensa. Bai shiga ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ita kuma tana daga ciki.

"Hajiya, godiya na zo yi. Ga wannan, ta gonata ce, a sa a miya."

"Har da wahala, Malam? Ai ba a yi komai ba tukuna."

"An yi, ke ce ba ki sani ba. Tun da uwar yarinyar nan ta rasu, ba ta bi ta lungun da duronta yake, sai dai ta zagaya ta bayan ɗakin girki. In maƙwabta suna turara shinkafa, ranar ba ta cin abinci. Na yi nasiha, na kawo aya, na kawo hadisi, shekara guda, kamar ina zuba ruwa a kwando. To jiya na same ta a zaune a kan duron nan tana hadda. Har tana ba ƙannenta labarin yadda uwarsu ke sa mata shinkafa a baki, tiryan-tiryan, idonta ko gezau. Haƙurin da na kasa koya mata, ke kin koya mata a mako biyu. Allah Ya saka miki da alheri."

Ta ce amin. Ta ji ƙarar kekensa har ta ɓace, tana tsaye da kwandon a hannu. Malam mutumin kirki ne, kuma abin da ya gani ya faɗa. Sai dai ita ta san sunan abin da ya gani, kuma ba haƙuri ba ne.

Ita ma ta taɓa haihuwa, sau ɗaya, tana da shekara goma sha tara, a wannan ƙauyen. 'Yar fari ce, don haka bisa al'ada ba ta kiran sunanta, ba ta ɗaukar ta a gaban manya, ba ta nuna ta san da ita in akwai idon suruka. Aka yabe ta da kunya, ita ma ta ji daɗin yabon. Wata ranar da aka saki ruwa a kanal, yarinyar tana da shekara uku da rabi, gida cike da dangin miji ana shirin wani biki, Saude ta hango ta tana bin manyan yara za su fita ƙofa. Ta buɗe baki za ta kira ta, sai ta ga surukarta da gwaggwannin miji a zaune a kan tabarma. Ta rufe bakin. Ta ce a ranta wani zai dawo da ita. Da la'asar aka dawo da ita, an tsamo ta daga kanal, da takalmin roba ja a ƙafa ɗaya.

Ko a zaman makoki ba ta yi kuka ba, domin ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane. Aka sake yabon ta. Bayan shekara biyu auren ya mutu, ta tafi birni wurin wata 'yar uwa, ƙaddara ta kai ta inda ake neman 'yan wasa, aka ce ta gwada kuka. Ta sunkuyar da kai, ta ga takalmin. Abin da ta yi ranar, mai riƙe da kyamara kansa sai da ya share ido. Tun daga nan, duk kukan da Saude Mai Hawaye ta yi wa jama'a, daga takalmin nan ta ɗebo shi. Ba ta iya cewa ga shekarar da abin ya faru, amma wata rana ta sunkuyar da kai ta tarar babu takalmi, babu ƙafa, babu fuskar yarinyar. Tata fuskar ce kawai, yadda take fitowa a talabijin. Hawayen bai daina zuwa ba, don ido ya riga ya koyi aikinsa. Akwai wata gonar Uba a can gangare da aka yi ta ba ruwa ba hutu har kanwa ta taso ta yi fari fat a kanta. Ruwa na shiga, ruwa na fita, ba ta ba da komai.

Washegari da Nafisat ta zo, Saude ba ta kunna waya ba.

"Zauna. Hannun nan na Ummanki, har yanzu da zafi?"

"Na san da zafi, Gwaggo, tunda na faɗa miki." Ta ɗan yi tunani. "Amma yanzu in na rufe ido, wayarki nake gani a kan sanda. Kada ki damu, hawayen yana zuwa."

Saude ta ce mata ta je gida ta huta har ranar gwaji, wai don kada murya ta dushe. Kwana bakwai ɗin nan ta yi su tana shari'a da kanta. Ta ce yarinya ce, za ta manta ko da wasa ko babu wasa. Ta ce uban da kansa ya yi godiya. Ta ce ai ita ma ɗiyar wani ce, kuma ba wanda ya tausaya mata. Kowace hujja ta kawo sai ta ji ta tsaya da ƙafarta, har sai ta kalli kwandon albasar da ke bayan ƙofa. Zannuwan kuwa ta goge su, ta jera a kan gado.

Ranar Asabar da hantsi aka haɗu a Kadawa, a bakin wata gonar tumatir. An saki ruwa, manoma na jera tiyo a gaɓar ƙaramin kanal, ruwa na malala cikin fangali ɗaya bayan ɗaya. Ma'aikata sun kafa kyamara da faranti mai mayar da haske. Wata mata daga masu ɗaukar nauyin shirin tana zaune a ƙarƙashin lema da baƙin tabarau. 'Yan birni sun riga sun yi nasu, yarinyarsu na cikin mota tana shan lemo. Ma'aikatan da suka san Saude suka yi ta zuwa gaisuwa, wani ya kawo mata kujera, wani ya miƙo shayi a kofin roba. Ta riƙe kofin da hannu biyu ta sha a hankali, har ƙasa.

Sannan ta ja Nafisat bayan motar kaya, ta fito da rabin albasa daga jakarta, ta daddatsa shi da farce, ta ƙulle a haɓar mayafin yarinyar.

"Gwaggo, albasa ce fa."

"Na sani, ni na yanka. Ta gonar babanki ce."

"Ke kika ce ta ragwaye ce."

"Na faɗa. Yau ni da ke ragwaye ne. In an zo wurin, ki kai mayafin idonki. Kada ki je bakin duro. Ki kalli balbelun can, ki tuna abin da kika ga dama, ban da Ummanki."

"Me ya sa?"

"Domin taki ce, ba ta talabijin ba."

Yarinyar ta turo baki, amma ba ta saba musu da Gwaggo ba. Aka ce a fara. Kaka ta miƙa wa jika zoben uwarta, jika ta faɗi maganarta daidai, ba tuntuɓe, ta kai mayafi ido. Idanu suka yi ja, ruwa ya zubo, hanci ya biyo baya, sai atishawa. Mai riƙe da sandar ɗaukar murya, wanda ya fi kowa kusa, ya shaƙi iska ya ce, "Wai wa ke soya miya a lokeshan?" Dariya ta ɓarke. Matar da ke ƙarƙashin lema ta zare tabarau ta kalli Mudassiru.

Ya tsayar da aiki, ya ja Saude gefe, ya rage murya.

"Mama, ke? Albasa?"

"'Yar Kadawa ce, mai kyau."

"Ba wasa nake ba. Abin da kika turo mini a waya, shi na nuna musu, shi suka zo gani. Ta yi shi sau ɗaya, shi ke nan."

"Sau ɗaya yau. A kashi hamsin da biyun fa, sau nawa ka rubuta mata kuka?"

Ya sosa gemu. "Marainiya ce, Mama. Kusan kowane kashi."

Ashe Nafisat ta biyo su. Ta tsaya a gaban Mudassiru tana share hanci. "Kawu, zan iya. Ba albasa. Duka ido biyun."

Saude ta kama wuyan hannunta ta mayar da ita bayanta. "Ni ubanta ya ba amana."

"Haba Mama," in ji Mudassiru. "Ni ma ai haka kika koya mini, da rasuwar kakata. Kin manta? Ga ni nan, ban mutu ba."

"Ban manta ba. Mudassiru, yaya muryar kakar taka take?"

Ya buɗe baki. Ya kalli gonar, ya kalli masu jera tiyo, ya daɗe yana kallon su kamar aikinsu ne ya kawo shi. Can ya duba agogo.

"Rana na yi, Mama. Kin dai san in babu jika babu kaka."

"Na sani."

"Ba ni da yadda zan yi."

"Ban ce ka yi ba. Ka yafe mini, shi ke nan."

Bai tambaye ta me zai yafe ba. Ya sa aka tsayar musu da a-daidaita-sahu, ya durƙusa ya yi mata sallama kamar yadda ya gaishe ta.

Da suka zo kan gada, Nafisat ta kwance haɓar mayafinta ta wurga albasar cikin kanal, ta juya wa Saude baya har suka isa gari. Alhamis ta zo ba ta zo rumfa ba, Juma'a ma haka. Labari kuwa ya riga su isowa, ya kuma ƙara kitse a hanya: wai ashe duk kukan da Saude Mai Hawaye ta yi shekara da shekaru, albasa ce. Mata suka samu abin dariya a bakin famfo. Iyaye huɗu suka janye 'ya'yansu, tunda an ce ta tsufa, hannunta ya daina ci. Ba ta gyara wa kowa zance ba. Malam Sada in sun haɗu yakan gaishe ta da mutunci, sai dai da alama bai gane abin da ya faru ba, ita kuma ba ta san ta inda za ta faro masa ba. Ta ninke zannuwan ta mayar akwati.

Da damina aka fara nuna shirin. Duk ranar Lahadi da yamma takan ji kiɗan buɗe shi daga sashen Uba, inda yaran gida da na maƙwabta ke cika tsakar gida. Sau ɗaya ta leƙa ta kan katanga. Wadda ta samu kakar ba laifi, sai dai tana yawan ba kyamara ƙeya. Yarinyar birni na ta kukanta na roba, matan gidan kuma suna share ido da bakin zane. Saude ta koma ɗakinta ta ci tuwonta.

Kaka ta yi, aka yanke shinkafa, gari ya cika da hayaƙi da ƙanshin tururi, kowane lungu da duro a kan murhu. Wata Alhamis, bayan yara shida ɗin da suka rage sun watse, tana kwance wayar daga ƙota, sai ta ga inuwa a bakin rumfa. Nafisat ce, ta ƙara tsawo. Ba ta shigo ba.

"Gwaggo, ba dawowa na yi ba."

"To."

"Jiya aka aike ni gidan su Halimatu. Na tarar ana sauke shinkafa, aka buɗe duro." Ta murɗa haɓar mayafinta a yatsa. "Ba ni na kira shi ba. Shi ya zo. Sai na shiga bayan rumbu."

"Wa ya gan ki?"

"Ba kowa."

"Hannun fa?"

"Da zafi."

Can nesa injin casa na ta ƙara.

"Har yanzu ina jin haushinki," in ji yarinyar.

"Ki ci gaba da ji. Ki gaida Malam."

Ta tafi. Saude ta sa wayar a jaka, ta jingine ƙotar a inda take jingine ta, ta fita. Maimakon ta nufi ƙofarta, sai ta bi gaɓar ƙaramin kanal ta yi yamma, ta wuce gonar Uba mai kanwa, har ta kai wurin da aka yi wa siminti, inda ruwa ke karyawa ya shiga ƙarƙashin hanya. Nan aka tsamo 'yarta. Shekara shida da dawowarta, ba ta taɓa tako wurin ba. Ta tsaya. Sai ta kama kanta tana waige dama da hagu, macen da sa'o'inta ke da jikoki, tana duba ko akwai babban da zai ji.

"Surayya," ta ce, ƙasa-ƙasa.

Sunan ya yi mata baƙo a baki. Ta sunkuyar da kai yadda ta saba, ta jira. Babu takalmi, babu fuska, idanunta a bushe. Ta ɗago, ta ja numfashi, ta sake kira, wannan karon da ƙarfi, yadda ake kiran yarinyar da ta nufi ƙofa.

Wani manomi da ke naɗe tiyo a can ƙetare ya ɗaga kai, ya duba hagu da dama bai ga wadda ake kira ba, ya koma kan aikinsa. Ruwa ya ci gaba da shigewa ƙarƙashin hanya. Saude ta tattare zanenta ta zauna a kan simintin, ta zauna har aka kira magariba, sannan ta tanƙwasa ta ɗebi ruwan da hannu ta yi alwala.